Ramin da Sanyi Ya Tilasta: Me Ya Sa Gidajen Ƙasashen Zafi Ba Su da Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili ranar da ake haƙa fandisho ya san yadda abin yake tafiya a wajenmu. A ja igiya, a zuba toka a fitar da layi, leburori su shiga da diga da shebur. Ba a jimawa birkila zai leƙa ramin, ya caka diga, ya ce an tarar da ƙasa mai ƙarfi, a tsaya haka. Wani wurin ramin iya gwiwa, wani wurin iya ƙugu. A zuba kankare, a jera bulo, a cike da jar ƙasa, gini ya tashi. Gidan zai yi shekara da shekaru a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato bai ko motsa ba.

Da za a ɗauki birkilan nan a kai shi jihar Minnesota a arewacin Amurka, jami'in duba gini ba zai sa masa hannu ba. Dokar ginin jihar ta ce a kudancinta, inda birnin Minneapolis yake, dole gindin harsashi ya nutse inci 42, wato ƙafa uku da rabi. A arewacinta kuwa, wajen Duluth, sai an kai inci 60, ƙafa biyar cif. Ba ruwan dokar da cewa ƙasar tana da ƙarfi tun daga sama. Amma a wannan Amurkar dai, idan ka gangara kudu zuwa Florida, inci 12 ya wadatar. Su ma gidajen haka suka rabu: a arewa da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a Florida kuwa sai ka wuni kana yawo ba ka ga ko ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Mutane da yawa sun ɗauka ɗakin nan gata ne na masu hali, ko kuwa ɗabi'ar Turawa ce kawai. Ni a ganina asalinsa ba gata ba ne, tilas ce aka mayar da ita riba.

Abokin gabar magini a ƙasashen sanyi shi ne ƙanƙara. (Hausa ta yi mana tsiya a nan: ƙanƙara da kankare kusan suna ɗaya, alhali a wannan zancen ba sa ga maciji.) Idan hunturu ya kankama, ba saman ƙasa kaɗai ke daskarewa ba. Sanyin yana ratsawa ƙasa sannu a hankali, mako bayan mako, har ya kai wani zurfi ya tsaya, saboda ɗumin da ke can ciki ya tare shi. Wannan zurfin shi ne abin da dokar take aunawa. Duk harsashin da ya tsaya a sama da shi yana zaune ne a kan ƙasar da za ta daskare.

To, in ta daskare sai me? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, abin da duk mai sa kwalbar zoɓo a firiza ya sani. Gaskiya ne, amma ba shi ne babban abin ba. Wani masanin duwatsu Ba'amurke, Stephen Taber, ya warware wannan a gwaje-gwajen da ya buga a 1929 da 1930. Ya jiƙa ƙasa da wani ruwan sinadari da ake kira benzin, wanda shi tsukewa yake yi idan ya daskare, ba kumbura ba. Duk da haka ƙasar ta taso. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar ɗan faifan ƙanƙara ya kafu a cikin ƙasa, sai ya riƙa zuƙo ruwa daga ƙasansa, kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Ruwan ya iso ya daskare, faifan ya ƙara kauri, ya ture abin da ke samansa. Wani faifan ya sake kafuwa a ƙarƙashinsa, shi ma ya yi haka. Ƙarfin turin ya isa ya ɗaga kusurwar gida. Da bazararsu ƙanƙarar ta narke, ƙasar ta zama caɓi, kusurwar ta koma, amma ba daidai inda take ba. Shekara biyu, shekara uku, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Sai abu uku sun haɗu hakan ke faruwa: sanyi mai daskararwa, ruwa a kusa, da ƙasa mai laushin ƙwaya wadda ke iya jan ruwan. Tsakuwa da yashi mai manyan ƙwaya ba sa yin wannan. A ƙasar Hausa na farkon ne babu. Ko a tsakiyar hunturu, ranar da kowa ya duƙunƙune a gaban murhu, ƙasar da muke takawa ba ta daskarewa.

A nan lissafin ya fara daɗi. Mai gini a Minneapolis dole ya haƙa rami ƙafa uku da rabi zagaye da gidan, dole ya zuba bangon kankare daga gindin ramin har ya ɗan ɗara doron ƙasa. Kuɗin nan ya riga ya tafi, ko yana so ko ba ya so. Bututun ruwan sha ma dole a binne shi ƙasa da inda sanyi ke kaiwa, in ba haka ba ya daskare ya fashe, saboda haka ta can ƙasa zai shigo gidan. To tunda motar haƙa tana wurin, kuma bango ya riga ya kai rabin tsayin ɗaki, me zai hana a ƙara ƙafa uku ko huɗu, a kwashe ƙasar tsakiya, a daɓe? Da ɗan ƙari kaɗan ya samu hawa guda cur mai faɗin gidan gaba ɗaya. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga shi dama yana neman inda zai ajiye tukunyar ɗumama gida, kuma zafi sama yake tashi, don haka ƙasan gida ne mazauninta. A zamanin da ake ƙona kwal, nan ake jibge shi. Nan ake ajiye dankali da sauran cimaka su kai bazara ba su daskare ba, ba su kuma ruɓe ba. Daga baya ne aka fara sa kujeru da talabijin, har ya zama ɗakin haya, irin wanda ɗalibanmu da 'yan ci-rani ke kamawa a Toronto ko New York saboda sauƙin kuɗinsa.

Mai gini a ƙasar zafi ba shi da wannan rangwamen. Ba wanda ya tilasta masa rami mai zurfi, don haka kowace ƙafa da ya haƙa domin ɗaki sabon kashe kuɗi ne daga aljihunsa. Idan yana son ƙarin ɗaki, ya fi masa araha ya miƙa gefe ko ya zuba dekin ya hau sama. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana rabin lamarin.

Ɗaya rabin kuwa ruwa ne, kuma shi ne ya fi tsanani. Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin wannan: akwai unguwar da sai an yi gaba goma kafin a ga danshi, akwai wadda gaba biyu ruwa ya ɓullo. Ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, in aka duba da kyau, rijiya ce mai faɗi da ake roƙon ruwa kada ya shiga. Shi kuwa ruwa ba ya jin roƙo. A zurfin mita ɗaya, yana danna kowane murabba'in mita da nauyin tan guda. Ɗauki ɗaki mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, a ce ruwan ƙasa ya hau jikin bangonsa mita ɗaya kacal. Ƙarfin da ke tura daɓensa sama ya kai tan 100, nauyin buhun siminti 2,000 ke nan. Ko dai daɓen ya dare ruwa ya shigo, ko kuwa, in ginin bai da nauyi, ya yunƙura kamar kwalekwale. Shi ya sa masu tankin ƙasa da wurin ninkaya ke tsoron barinsu babu ruwa a ciki da damina.

Florida haka take. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, birnin Miami bai fi 'yan mitoci kaɗan sama da teku ba, kuma abin da ke ƙarƙashinta dutsen farar ƙasa ne mai huji-huji kamar soso, ruwa na kai-kawo a cikinsa yadda ya ga dama. New Orleans ta fi haka muni, domin wani babban yanki nata yana ƙasa da teku ma. Tsofaffin maƙabartun garin a sama suke gina kaburbura, kuma abin da mutanen can ke kira ɗakin ƙasa a doron ƙasa yake, gidan ne aka ɗaga a kansa. Legas ma a sahun nan take: a Lekki da Victoria Island, yashi ne da ruwa a kusa, shi ya sa gidaje ke zama a kan faffaɗan faifan kankare guda ɗaya mai rodi, manyan benaye kuma a kan turakun kankare da ake kafawa can ƙasa.

Inda ruwa bai hana ba, ƙasar kan hana. A yankin Houston da Dallas na jihar Texas akwai baƙin yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke ya dare idan ya bushe. Yana matse bangon da aka binne a cikinsa da damina, ya janye ya bar shi da rani. Abin har ya kai masu gidaje a can suna yi wa harsashin gidansu ban-ruwa da rani, kamar wata shuka, don kada ƙasar ta bushe ta janye. A tsakiyar Texas kuma, wajen Austin, da ka kankare ƙasar sama sai dutse, a Phoenix ta jihar Arizona sai wata ƙasa da ta dunƙule ta yi tauri kamar siminti. Haƙa ɗaki a nan sai da injin fasa dutse. Jihar Oklahoma ce ta fi ba ni tausayi a wannan lissafin: tana tsakiyar hanyar guguwar nan mai juyawa da ke tuge gidaje, inda ɗakin ƙasa ke ceton rai, amma jan yumɓunta da ruwanta da rashin zurfin sanyinta sun sa yawancin gidaje ba su da shi. Guguwar da ta faɗa wa garin Moore ranar 20 ga Mayu, 2013 ta kashe mutum 24, cikinsu har da 'yan firamare. Abin da mutane ke yi a can shi ne su binne ɗan akwatin ƙarfe ko na kankare a garejin mota, iya wanda iyali za su tsuguna na ɗan lokaci.

Baƙin yumɓun nan ba baƙo ba ne a wajenmu. Shi ne firki na yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Gamboru Ngala, inda ƙasa ke darewa da rani har ƙafar mutum ta shige. Akwai irinsa a wajen Numan da sassan Gombe, shi ne kuma ya shimfiɗu a Jazira ta Sudan. Duk wanda ya ga gidan bulo a irin wannan wuri da tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ya ga aikinsa. Maganinsa ba zuba ƙarin siminti ba ne. Ko dai a nutsa ginshiƙai su wuce inda danshin ƙasa ke sauyawa tsakanin rani da damina, ko a yi faifai mai ƙarfi da zai motsa gaba ɗaya, sannan a nisantar da ruwan indararo da manyan itatuwa daga gindin bango.

Amma kada a ɗauka zancen ya ƙare a kan cewa sanyi na kawo rami, zafi na hana shi. Akwai wuraren da suka karya wannan ƙa'ida ta kowane ɓangare. A birnin Yakutsk na Rasha, inda ƙasa take a daskare shekara da shekaru, ba a shiga cikinta sam. A kan turaku ake ɗora benaye, a bar iska na wucewa ta ƙasa, domin ɗumin gida na iya narkar da ƙanƙarar da ke riƙe da ginin. A Norway da Sweden da Finland kuma, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka gano cewa in aka kewaye harsashi da allunan da ke tare sanyi, ɗumin gidan zai hana ƙasar gindinsa daskarewa, ba sai an yi rami mai zurfi ba. A New York ma, lokacin da kamfanin Levitt ya fara gina gidaje sama da 17,000 na Levittown a 1947 domin sojojin da suka dawo daga yaƙi, a kan daɓen kankare ya ɗora su babu ɗakin ƙasa, don sauri da araha, har sai da aka sassauta dokar yankin kafin ya samu dama.

Ta ɗaya ɓangaren, akwai masu shiga ƙasa saboda zafin kansa. Dalili shi ne, in ka nutsa 'yan mitoci, ɗumin ƙasa ba ya bin rana da dare, ba ya ma cika bin rani da hunturu. Yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin wurin na shekara. Tsofaffin gidajen Bagadaza suna da sirdab, inda iyali ke sauka su yi ƙailula da tsakar rana, da dare kuma su hau rufin soro. A Dezful ta Iran ana haƙa irinsa da zurfi sosai. A Matmata ta kudancin Tunisiya rami ake yi mai faɗi ya zama tsakar gida, a sassaƙa ɗakuna a jikin bangonsa. A Coober Pedy ta Ostireliya, garin masu haƙar dutse mai daraja da ya kafu bayan 1915, har coci da otal akwai a cikin ƙasa. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙarancin ruwan sama da ƙasa mai tsayawa da kanta. Ko Matmata ɗin, mamakon ruwan da aka yi a 1969 ya rusa gidaje da dama.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damuna. Matsakaicin zafin Kano na shekara yana wajen digiri 26, alhali a watan Afrilu rana na haura 40. Ke nan ɗakin ƙasa a Kano zai yi daɗin zama da bazara, babu fanka babu na'urar sanyaya ɗaki. Me ya sa kakanninmu, waɗanda suka iya gini har suka tayar da Masallacin Juma'a na Zariya da hasumiyar Agadas, ba su yi shi ba?

Ina ganin sun yi, sai dai ta wata fuskar. Maimakon su shiga cikin ƙasa, sai suka ɗebo ƙasar suka kewaye kansu da ita. Bangon tubali mai kaurin gindi, mai sirancewa yayin da yake hawa, da rufin azara da aka danne da ƙasa, aikin da suke yi ke nan: su shanye zafin rana, kafin ya ratso ciki dare ya yi, mutane sun fito tsakar gida da tabarmi. Harsashin irin wannan gini ba shi da zurfi, faɗinsa ne ƙarfinsa. Ramin kuwa bai ɓace ba, a bayan gari ko tsakiyar unguwa aka bar shi: shi ne kududdufi. Kuma duk wanda ya ga kududdufi a watan Agusta ya ga abin da zai faru da ramin da aka haƙa a cikin gida. Ruwan shekararmu ba a rarrabe yake zuwa ba, a wata uku zuwa huɗu yake zubowa, wani lokaci na mako guda a dare ɗaya. Hatta ajiya, Bature ya kai tasa ƙasa don gudun sanyi, Bahaushe ya ɗora rumbunsa a kan duwatsu don gudun danshi da gara.

Ga kuma abubuwan da zamani ya ƙara. Iskar damina mai ɗauke da laima in ta taɓa bango mai sanyi sai ya yi gumi, kamar randa, daga nan sai fumfuna da warin ruma. Kusan kowane gida na da sokawe ko masai a tsakar gidansa, na maƙwabci ma yana jikin katanga, duk suna tsiyaya cikin ƙasar da ɗakin zai zauna. Ruwan da ya shiga ɗakin ƙasa kuma ba ya fita da kansa, tunda yana ƙasa da kwata. A Amurka ɗan rami suke yi a kusurwa su sa injin da ke tashi da kansa ya zuƙe ruwan. Injin nan da lantarki yake aiki, mu kuwa mun san da hadari ya haɗo abin da ake fara ɗaukewa.

Su ma masu lantarkin ba su tsira ba. A watan Satumba na 2021, ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwa a New York, mutum 11 suka mutu a ɗakunan haya na ƙarƙashin ƙasa. A Agustan 2022 irin haka ta faru a Seoul ta Koriya ta Kudu, inda mutum uku 'yan gida ɗaya suka rasu a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa. A tuna daren 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri mutane na barci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da al'adarmu ce kwana a ƙarƙashin ƙasa, da abin ya wuce yadda aka gani.

Abu ɗaya ne ke sa a manta da duk wannan a haƙa: tsadar fili. Manyan benaye a Abuja da Legas da Dubai suna da wurin ajiye motoci a ƙasa, domin in fili ya yi tsada sosai, kuɗin bango mai hana ruwa da injin zuƙa da janareto ba komai ba ne. A unguwannin Kensington da Chelsea na Landan, inda doka ta hana ƙara tsayin tsofaffin gidaje, attajirai sun dinga nutsawa hawa biyu, hawa uku, har maƙwabta suka kai kuka, hukumar yankin ta taƙaita abin zuwa hawa ɗaya a yawancin gidaje a 2015.

Ga mai gina gidan zama a nan kuwa, ma'aunin da ya fi zurfin rami muhimmanci shi ne tsayin daɓe a kan titi, da ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba jaman fulo don kada bango ya riƙa shan ruwa kamar lagwani har fenti ya ɓare gishiri ya fito. A nan ne mutane ke tsuke hannu, a rage layin bulo ɗaya ko biyu don a kai linta da wuri. Titi kuwa hawa yake yi. Yau a zuba marmara, gobe a yi kwalta a kan tsohuwar kwalta, jibi a gina lambatu ya ɗara bakin ƙofa. Shiga tsofaffin unguwannin cikin birni ka gani: akwai zaurukan da a da hawa ake yi a shiga, yanzu sai an sauka taki biyu. Masu su ba su taɓa neman ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, ga shi sun samu. Da an shiga Yuli za ka ga an gina ɗan dakali a bakin ƙofa, an jera buhunan yashi, an ajiye bokiti da tsintsiya a bayan ƙyaure.